Makero a Fuskar Yaro: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Kashe Shi

Saura kwana goma sha biyu a yi ƙaramar Sallah aka dawo mini da 'yata daga gidan kakarta, inda ta yi hutun mako uku. Shekarunta shida a lokacin. Tun daga bakin zaure idona ya sauka a kan kuncinta na hagu. Wani faffaɗan tabo ne ya taso daga gefen hanci har ya kusa kunne, yana ɗan sheƙi, ga ƙananan ƙuraje a warwatse a cikinsa, ba ka iya cewa ga inda ya fara ga inda ya tsaya. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, me ya same ta a fuska?" Surukata ta ce, "Wallahi 'yar nan, ɗan makero ne ya fito mata, bai fi kwabo ba. Na aika aka sayo mai a kemis, kwana biyu ya kwanta luf. Da muka bari sai ya dawo, muka sake shafawa. Haka muke ta yi." Na roƙi a ba ni kwalin man. Ina karanta bayansa na gane abin da ya faru. Hajiya ba ta yi don cutarwa ba, so take jikarta ta yi Sallah da fuska sumul. Amma abin da man shafawa na mako uku zai gama da shi tun farko, sai da muka yi mako shida muna fama, har da maganin sha.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma da wuya mako ya fita ba a kawo mini yaro mai irin wannan ba. Na lura da abu guda: in makero ya fito a cinya ko a baya, iyaye kan yi haƙuri su bi a hankali. In ya fito a fuska kuwa, sai hankali ya tashi, kowa ya kawo nasa maganin, a shafa wannan da safe a shafa wancan da dare. Yawancin fuskokin da na gani sun lalace, abin da aka shafa ne ya ɓata su, makeron kansa bai kai ga haka ba. Shi ya sa nake so in bi da ke, uwa ko yaya ko kaka, yadda nake yi tun daga kallon farko.

Mece ce cutar?

Ba tsutsa ba ce, ba jini ne ya ɓaci ba, ba kuma shan zaƙi ke kawo ta ba. Wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, irin wadda kike gani ta tsiro a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe, sai dai wannan a jikin mutum da dabba take rayuwa. Abincinta shi ne matacciyar fatar da ke saman jiki, da gashi, da farce. Ba ta shiga cikin tsoka. Likitoci sun kasa ta gida uku, Trichophyton da Microsporum da Epidermophyton, kuma tun a shekarun 1840 wani likita a birnin Paris mai suna David Gruby ya nuna cewa fumfuna ce ke cin kan yara. Idan ta kama fatar jiki ko fuska mukan ce makero, idan ta kama fatar kai ta karya gashi mukan ce kora. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma wannan dangantakar za ta dawo mana nan gaba, domin a kanta magani yakan ci ko ya faɗi.

Ƙwayar tana farawa daga wuri guda ta riƙa ci tana faɗaɗa ta kowane gefe, kamar wutar da aka sa wa busasshiyar ciyawa. Tsakiya ya lafa, baki-baki yana ci gaba. Abin da ya sa tabon yake yin zobe ke nan. Daga ranar da yaro ya ɗauka zuwa ranar da za ki ga alama, akan yi kwana 4 zuwa 14.

Ki fito da shi haske ki duba

Kada ki yanke hukunci a cikin ɗaki da fitilar waya. Ki fito da yaron tsakar gida da hantsi, ki wanke masa fuska da ruwa zalla, ki bari ta bushe, kada ki shafa mai ko hoda. Abin da za ki nema shi ne baki. Makero yana da iyaka a fili, bakinsa ya ɗan tasa sama da sauran fata, yana da ɗan garin ɓawo ko ƙananan ƙuraje a jere, tsakiyar kuma ta fi laushi. Ki shafa da bayan farce a hankali, za ki ji kaushi a gefen, sannan ki wanke hannunki. A littattafan Turawa ana cewa jajaye ne, amma a fatarmu ba kasafai jan yake fitowa ba. Yakan yi duhu ya fi fatar yaron, ko ya yi toka-toka. Yawanci gefe ɗaya na fuska yake kamawa, kunci ko goshi ko haɓa ko gefen ido. Yana ƙaiƙayi, kuma yara da yawa kan ce yana musu zafi in sun shiga rana ko sun yi gumi.

Akwai abubuwan da ke kama da shi, kuma nan ne iyaye suka fi ruɗewa. Da hunturu za ki ga yara da fari-farin tabo a kumatu biyu, ba baki mai tasowa, ba ƙaiƙayin kirki, fatar ta bushe kawai. Wannan bushewar fata ce, abin da take so a rage sabulu mai ƙarfi a riƙa shafa man kaɗanya ko basilin. Akwai ƙyasbi, wanda shi ma fumfuna ce amma wata iri dabam, yakan fito ƙanana-ƙanana da yawa a goshi da wuya da ƙirji, shafe yake da fata, in kin kankara sai ɗan gari ya tashi. Akwai kirci, mai tsananin ƙaiƙayi, wanda ke kama ɓangarori biyu lokaci guda ya kuma laɓe a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, yana tafiya yana dawowa. Akwai kuma ƙurajen da ke yin ruwa su bushe da ɓawo ruwan zuma a gefen hanci da baki, waɗannan maganinsu dabam ne gaba ɗaya.

Ɗaya kuma ba na son in tsallake shi ko da ambatonsa yana da nauyi. Tabon da ya fi fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ɓawo, ya yi watanni yana nan, musamman in an taɓa shi da auduga yaro bai ji sosai ba, a kai shi a duba ko kuturta ce. Tana warkewa sarai in an kama ta da wuri, maganinta kyauta ne, kuma muna da cibiyoyin da suka ƙware a kanta, irin ta Saye da ke Zariya.

In kin rasa tabbas, gwajin ba shi da wuya. A ɗakin gwaje-gwaje za a kankari ɗan ɓawo daga bakin tabon, ba zafi ba jini, a ɗiga masa wani ruwa a duba da madubin ganin ƙananan halittu. Sai dai a je kafin a shafa komai, don mai yana ɓata gwajin.

Kafin ki sayi magani, ki duba kansa

Wannan matakin shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Makeron fuska a wurin yaranmu sau da yawa daga kai yake gangarowa. Yaro ya sosa kai ya sosa kunci, ko garin ɓawon ya zubo masa a goshi, ko ya kwana a kan matashin da ya kwashi cutar. In kin yi ta shafa mai a fuska kin bar kai, kina share ɗaki ne ƙura na shigowa ta taga.

In mace ce ki tsefe kitson duka, ki bi layi-layi da tsinke. In namiji ne ki duba ƙeya da bayan kunne da tsakiyar kai. Ki nemi wurin da gashi ya kakkarye ya bar ɗigo-ɗigo baƙi, ko wurin da ya yi fari kamar an barbaɗa toka, ko amosanin da ya ƙi jin wanki. Yaron da bai balaga ba ba kasafai yake yin amosani irin na manya ba, don haka in kin ga kansa yana zubar da gari, ki zargi kora tukuna. Ki lalubi bayan wuyansa, in kin ji kaluluwa ta taso, wannan ma alama ce. Daga nan ki tuɓe masa riga ki duba jiki duka, har hammata da matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa. Sai ki kira sauran yaran gidan ɗaya bayan ɗaya.

In kai lafiya lau, tabon fuska ɗaya ne ko biyu, ƙanana, ba su kai ga fatar ido ba, za ki iya yin maganin a gida. In kin ga alama a kai ko kaɗan, man shafawa kaɗai ba zai yi ba, ki tsallaka zuwa inda na yi bayanin maganin sha.

Abin da za ki saya, da abin da za ki mayar wa mai kemis

Ki nemi man da magani ɗaya tak ke cikinsa. Ga sunayen yadda ake rubuta su a jikin kwali: clotrimazole 1%, ko miconazole 2%, ko terbinafine 1%. Kowanne daga cikinsu ya isa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ba ki karanta boko, ki rubuta sunan a takarda ko ki sa ɗanki ya rubuta, ki ce wa mai shagon, "Malam, wannan nake so shi kaɗai, ban da mai haɗi."

Mai haɗin nan shi ne wanda aka shafa wa 'yata. Ana sayar da shi da sunaye iri-iri, galibi an rubuta masa "triple action", wato mai aiki uku: maganin fumfuna, da maganin ƙwayar bakteriya, da sinadarin sitiroyid. Ki juya kwalin, in kin ga betamethasone ko clobetasol ko dexamethasone ko beclomethasone, ki ajiye. Sitiroyid magani ne mai amfani a inda ya dace, amma aikinsa shi ne kwantar da faɗan da jiki yake yi da cuta. Ƙaiƙayin da kumburin da kike gani a bakin makero, jikin yaron ne yake kokawa da fumfunar. In kin shafa sitiroyid mai ƙarfi, kin ɗaure hannun mai gida kin bar ɓarawo. Kwana biyu ƙaiƙayi ya tafi, tabo ya kwanta, kowa ya ce maganin nan yana da kyau. A ƙarƙashi kuwa cutar tana yaɗuwa, tana bin ramin gashi tana nutsewa. Ranar da aka daina shafawa sai ta taso ta fi da, a sake komawa kan man. Zoben ya ɓace, kamanninta su canza, har likita ya gani ya kasa ganewa. Tun a 1968 wasu likitocin fata biyu a Ingila suka ba wannan yanayin suna tinea incognito, ma'ana makeron da ya ɓad da kama.

Fatar fuskar yaro siririya ce, tana shan mai fiye da ta babba. Clobetasol yana cikin mafiya ƙarfi a duk dangin sitiroyid na shafawa. Makonni kaɗan a kunci sun isa su sa fata ta yi fari, ta yi laushi kamar takarda, ƙuraje su feso, jijiyoyi su bayyana. A jarirai yana iya ratsawa cikin jini. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne iyayen da ke zuba irin wannan man a cikin man shafawar jariri wai don fatarsa ta yi kyau. A Indiya, inda aka daɗe ana sayar da waɗannan mayuka barkatai, an wayi gari da wani nau'in makero mai suna Trichophyton indotineae wanda sau da yawa ba ya jin terbinafine, kuma ya riga ya tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Ba na fatan mu kai can.

Wasu guda biyu kuma: nystatin maganin wata fumfuna ce dabam, irin ta farin baki da ƙurajen kunzugu, ba ya kashe makero. Man Whitfield da iyayenmu suka sani yana aiki a jiki, amma yana da zafi, ban so a sa wa yaro a fuska ba.

Sai na gida. Na ga kuncin da aka ɗaure wa dakakkiyar tafarnuwa aka kwana, da safe fata ta saɓule kamar ƙunar ruwan zafi. Na ga wanda aka goga wa man birki, da ruwan batir, da kananzir, da man ƙwallon kashu. Na ga wanda aka kankare da reza aka matsa lemun tsami da toka. Hujjar kullum ɗaya ce, wai sai an ƙona shi yake mutuwa. Ƙuna takan bar tabon da yaro zai girma da shi, makero kuwa in an bi shi daidai ba ya barin komai na dindindin. Ruwan tumfafiya shi ne na fi tsoro a fuska, don in ɗigo ya shiga ido yana iya dusashe gani. Ina girmama magungunan da muka gada, da yawansu suna da amfani, amma fuskar yaro ba wurin gwaji ba ce.

Yadda ake shafawa

Sau biyu a rana, da safe bayan wanka da kuma dare kafin barci. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu marar ƙarfi, ban da soso, ban da dirza. Ki tsane da ƙyalle mai tsabta wanda na wannan wurin ne kaɗai, ki tabbata ya bushe, don fumfuna danshi take so. Ki matso mai kamar ƙwayar wake a kan yatsa. Ki fara daga wajen zoben, kamar faɗin yatsa guda ko santimita 2 a kan lafiyayyar fata, ki shafo zuwa ciki. Dalili shi ne cutar ta riga ta wuce inda idonki yake gani, kuma a bakin take da rai. Ki murza a hankali har ya shige, ba a lafta shi ya yi fari. Kada ki rufe da filasta. In tabon yana kusa da ido ko leɓe, ki bar ɗan tazara, kuma na dare ki bari sai ya yi barci don kada ya murza ya kai ido. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa wani yaron. Ki yanke masa farce.

A kwanakin nan ki dakatar da basilin da man gashi da hoda da kwalli a wurin. In mace ce mai sa hijabi, a sassauta shi a gida don gumi kada ya taru a gefen fuska.

Ƙaiƙayi yakan ragu cikin 'yan kwanaki. Zuwa ƙarshen mako na biyu bakin ya kamata ya kwanta. Clotrimazole da miconazole suna bukatar mako 2 zuwa 4, terbinafine yakan fi sauri, mako 1 zuwa 2. Ga inda ake faɗuwa: ranar da tabon ya ɓace ba ranar dainawa ba ce. Ki ƙara aƙalla mako guda, in da hali biyu. Ni nakan ce wa iyaye mata su ajiye man kusa da abin sallarsu, a shafa bayan Asuba da bayan Isha, su kuma ɗauki hoton wurin da waya duk ranar Juma'a a wuri ɗaya cikin haske ɗaya. Ido yana mantuwa, hoto kuwa zai nuna miki ko zoben yana raguwa ko yana girma.

In an riga an shafa mai haɗin, a daina. Ki sani cewa wurin zai taso ya yi muni na 'yan kwanaki, zai yi ƙaiƙayi, za a ce miki kin ɓata abu ki koma kan na da. Kada ki koma. Ki ɗauki kwalin ki tafi da shi asibiti, ki faɗa wa likita gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana shafawa. Ba wanda zai yi miki faɗa, kuma wannan bayanin shi zai sa ya gane abin da yake kallo.

Lokacin da sai an sha magani

Ki kai yaro asibiti in akwai alama a kai, ko tabon ya shiga gira ko fatar ido, ko ya yi yawa ya bazu, ko an daɗe ana shafa sitiroyid, ko kin yi mako biyu kina shafa maganin da ya dace ba canji. Haka nan jariri, da yaro mai tamowa, da mai ciwon suga, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, waɗannan tun farko likita ya gani.

Abin da ya sa mai ba ya isar wa kora shi ne fumfunar tana shiga cikin silin gashi har saiwarsa, inda mai ba ya kaiwa. Sai maganin da zai bi jini. Tsohon abin dogaro shi ne griseofulvin, wanda ake amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1950, ana sha kullum na mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Akwai kuma terbinafine na sha, galibi mako 4. Duka biyun da nauyin yaro ake lissafa su, shi ya sa za a ɗora shi a sikeli. Kada ki raba ƙwayar babba da ka, kada ki karɓi ragowar na maƙwabta. Griseofulvin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka ki ba shi bayan ya ci abinci mai mai, ko da kofin madara, ko kunun gyaɗa, ko soyayyen ƙwai. Yara da yawa da aka ce maganin bai yi musu aiki ba, da ruwa suke haɗiyarsa cikinsu babu komai, ko an daina a mako na biyu. Mai ciki ba ta shan sa. In yaro ya fara amai ba ƙaƙƙautawa, ko idonsa ya yi rawaya, ko ƙuraje suka feso masa a jiki, a koma wurin likita a ranar.

Ketoconazole na sha kuwa, tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka yi gargaɗi a kansa saboda illar da yake yi wa hanta. In an miƙo miki shi don makero, ki ƙi. Na wanke kai dabam ne, shi ba laifi: sabulun ruwa mai ketoconazole 2% ko selenium sulfide, sau biyu a mako, a bar kumfar minti biyar kafin a ɗauraye. Ba ya warkar da kora shi kaɗai, amma yana rage yaɗa ta ga 'yan'uwa.

Wani lokaci kan yaro yakan kumbura ya yi taushi kamar maruru babba, yana tsattsafo da mugunya, gashin wurin yana fita da an taɓa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Jiki ne ya yi wa fumfunar mummunan martani, maganin sha ne yake kwantar da shi. In an yi jinkiri yana iya barin sanƙo na har abada a wurin.

Daga ina ya samo?

In ba ki toshe hanyar ba, zai warke ya sake ɗauka. A wurin 'yata, 'yar kyanwa ce da ta samu a gidan Hajiya, tana rungumarta tana goga ta a kunci. Da na je na ɗaga ta, sai ga wani wuri a bayan kunnenta gashi ya zube. Kyanwa da kare suna ɗauke da nau'in Microsporum canis, kuma kyanwa tana iya yaɗa shi ko ba a ga komai a jikinta ba. Maruƙa suna da nasu, za ki ga farin tabo mai kauri a gefen ido da wuyansu, kuma na shanu in ya kama mutum yakan yi fushi sosai. A kai dabbar wurin likitan dabbobi, ba sai an kore ta ko an cutar da ita ba.

Amma a garuruwanmu mafi yawa daga yaro zuwa yaro ne. Mataji ɗaya na gida duka, tawul ɗaya, soso ɗaya, musayar hula da ɗankwali, matashi ɗaya, tabarmar da ake kwana a kai a jere a makarantar allo ko ta kwana. Ga injin aski, wanda zai bi kan yara da yawa ranar jajibirin Sallah ba a tsaftace shi ba, a kuma gyara da shi har gefen fuska. In da hali ki saya wa 'ya'yanki nasu injin. In babu, ki tsaya a kai mai aski ya goge gashin da buroshi ya tsaftace bakin injin a gabanki. Wajen kitso ki tafi da matajinki da tsinkenki.

Irin wannan fumfuna yana iya yin watanni a jikin mataji ko zanen gado yana jiran fata. Ki wanke rigar matashi da tawul da hula da hijabi da ruwan zafi da sabulu, ki shanya a rana mai ƙarfi, ki goge da dutsen guga. Mataji da buroshi a jiƙa su cikin ruwan da aka ɗiga wa bilic na wanki kamar minti goma, ko a zubar a sayi sabo tunda ba su da tsada. Tabarma da katifa a fitar da su rana. Kowane yaro da tawul ɗinsa da sosonsa, ko da tsohon zani ne aka yayyanka. In yara biyu ko uku sun kamu, a yi musu magani lokaci guda, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna.

Makaranta kuwa, da zarar an fara magani yaro zai iya komawa washegari. Ba dalilin da zai sa ya zauna a gida mako uku. Ki gaya wa malaminsa don a duba sauran 'yan ajin, ki kuma roƙe shi ya tsawata in ana tsokanarsa. Yaro yana jin ciwon a ce masa mai makero fiye da ƙaiƙayin kansa. Ki faɗa masa a kunnensa cewa ba ƙazantarsa ba ce, yaron da ake yi wa wanka sau biyu a rana ma yana ɗauka.

Bayan an warke, wurin yakan bar inuwa, ko ya fi sauran fuska duhu ko ya fi ta haske. A nan ma iyaye kan koma kemis neman abin da zai goge ta, a ƙare da man bilicin. Ki shafa yatsa: in wurin sumul yake, ba ɓawo, ba baki mai tasowa, ba ƙaiƙayi, to cutar ta mutu, launi ne kawai bai dawo ba. Yakan ɗauki watanni. Man kaɗanya ya isa, sai a rage masa yawo cikin tsakar rana don rana tana ƙara wa tabon duhu. Ta 'yata inuwar ta kai wata huɗu, tana nan har muka yi babbar Sallah, daga baya na nemi wurin na rasa. Kyanwar ma an yi mata magani, tana gidan Hajiya har yanzu.